Kaka a Kaka

Likita ya ce: ba sukari, ba maiƙo, ba yawon dare.
Kaka Mal-sun ta ce: sai ya dafa takardarsa ya ci.
Ta naɗa gyale a wuya, ta lalubo sanda,
ta ce, Nuri, tashi.
Rumfunan bakin kogi kwana tara za su yi a Degu,
ni kuwa ba wanda ya faɗa mini
nawa suka rage a nawa lissafin.

Ganyen ginko ya rufe kwalta, rawaya shar,
'ya'yansa na wari ƙarƙashin takalma.
Motoci sun jeru, an ɗage haƙarƙarinsu,
kowace ta zama kicin, ƙwan lantarki na lilo,
janareta na tari a bayan tanti.

Muka fara da mai bam.
Yana juya su cikin baƙin tsakuwa,
suna tsagewa, suna dariya da farin haƙori.
Na ɓare mata ɗaya, ya ƙona ni.
Ta tauna, ta tauna, ta dubi sama.
Auduga, in ji ta.
Tun da aka sallame ta daga asibiti
harshenta bai dawo gida ba.

Waina mai kirfa da narkakken sukari,
a kofin takarda, tana ɗiga har gwiwar hannu:
auduga mai zafi.
Burodi mai siffar kifi, cikinsa jan wake:
ta gutsiri kai, ta miƙo mini wutsiya,
kamar yadda take yi tun ina firamare.
Manyan kanya masu launin garwashi
an rataye su a zare suna shan iska,
ta shafa ɗaya kawai, ta wuce.
Ni na ci rabona, na ci nata,
har maɓallin wandona ya fara roƙo.

Sai na lura ba ɗanɗano take nema ba.
Idonta na tsallake layi,
tana ƙirga rumfuna da bakin sanda.
Ina tsoho Bang, mai gangar dankali?

Can ƙarshe, kusa da gada,
wata sabuwar mota, fenti bai gama bushewa ba,
an manna lambar biya ta waya a gilashi.
Amma a bayanta ga gangar nan,
baƙa, mai tsatsa, an ɗaure ta da sarƙa.
Wata mace mai irin goshinsa ta sunkuyar da kai.
Ta ce, Baba ya tafi tun farkon bazara.

Kaka ba ta ce komai ba.
Ta kwance ƙullin hankicinta,
ta jera tsabar kuɗi a kan katako, ɗaya bayan ɗaya.
Won dubu biyu, bashin bara.
Ya ce in kawo in ganye ya sake zuba.
Matar ta ce ba ya cikin littafi.
Kaka ta ce, ai ba a littafi muka rubuta ba.

Aka zaro dankali daga cikin ganga,
bayansa gawayi, cikinsa gwaiduwa,
tururi ya rufe mata tabarau.
Ta ci har da ƙonannen ɓawo,
a tsaye, iska na kaɗa gyalenta.
Na ce, Kaka, kin ji wannan?
Ta ce, baki bai ji ba.
Ta ɗaga tafin hannu, baƙi ƙirin da toka.
Amma waɗannan sun gane shi.

A bas ta yi gyangyaɗi a kafaɗata,
sauran rabin na ɗumama aljihunta.
Wayata ta yi ƙara, Mama ce: kuna ina?
Ido a rufe Kaka ta ce,
goge mini sukarin nan a haɓa,
sannan ki bar kaza cikin gashinta.
Gobe akwai mai gasa kifi da ban gaisa da shi ba.